Malam Dalhatu da 'Yan Besbol Ɗinsa

Ku da kuke bi ta layinmu a Limancin Kona da hantsi, kun san abin da zan fara da shi. Da na shimfiɗa tabarma a zaure, na ɗora riga a gwiwa, na zura zare a allura, sai in ji takun Malam Dalhatu. Zai yi sallama, ya tuɓe takalmansa ya jera su kamar za a zo duba su, ya zauna a bakin ƙofa daidai inda haske yake shigo mini, ya sauke numfashi, sannan ya ce, "Tanimu, sun sake yi."

Ni kuma in ce Allah ya kyauta, in roƙe shi ya ɗan matsa in ga kafar allura.

Baƙon da bai san mu ba zai ɗauka ɓarayi ne suka sake shiga unguwa, ko an ƙara kuɗin mai. Ko ɗaya. Waɗansu mutane ne can a wani gari mai sanyi a Amurka aka lallasa su a wasan besbol, shi ne Malam Dalhatu yake karɓar gaisuwa a zaurena. Fiye da shekara arba'in muna haka, har yaran unguwa suka girma suka yi nasu 'ya'yan suna kiransa Malam Sun-Sake, a bayan idonsa dai.

Ga wanda bai sani ba, Malam Dalhatu malamin gona ne. Yana saurayi gwamnati ta tura shi Amurka karatun shekara biyu a kan irin dawa da masara. Abokan tafiyarsa kowa ya dawo da abin da ya dawo da shi, wani rediyo, wani kwat, wani Turancin hanci. Shi kuwa ya dawo da takardar shaida da ƙungiyar besbol. Kuma duk ƙungiyoyin ƙasar, da masu kofi da masu kuɗi, ya rasa wadda zai ɗauko sai wadda ba ta cin wasa. Sunanta ya fi ƙarfin harshena, ban taɓa faɗarsa daidai ba, shi ma ya gaji da gyara mini ya koma kiransu "mutanenmu."

Wasan kansa, iyakar abin da na gane shi ne wani ya jefo ƙwallo, wani ya kai mata duka da kulki, in ya same ta ya yar da kulkin ya ruga a guje, ya zagaya fili ya dawo inda ya tashi. Na taɓa tambayarsa, tunda inda ya tashi zai dawo, me ya tashe shi tun farko? Ranar bai ƙara yi mini magana ba sai bayan la'asar.

Kada ku ce ilimina ne ya sa ya zaɓe ni. Sana'ata ce ta ja mini. Mai aikin wuyan riga hannunsa ne ke aiki, kunnensa a banza yake, kuma ba ya iya tashi ya gudu da rigar mutane a cinya. Ya gwada majalisar ƙofar masallaci, suka watse. Ya gwada mai shayi, mai shayi ya ƙure muryar rediyo. Samari kuwa in ya fara, sai su tambaye shi ko ƙungiyar tasa tana buga gasar Turai. Ni kaɗai na rage, ni da allurata.

A shekarun farko labarin wasa ta gidan waya yake zuwa masa. Akwai wani dattijo baƙar fata, Mista Luwis, mai gadin ɗakin kwanan ɗalibai a makarantar da ya yi karatu. Shi ne yake yanko masa shafin wasanni daga jarida, ya tara na sati biyu, ya cusa a ambulan ya aiko. Kafin ambulan ya iso Zariya sati uku sun wuce. Malam Dalhatu ba ya karantawa gaba ɗaya. Sai ya jera yankunan bisa kwanan wata, ya riƙa ɗaukar ɗaya kowace safiya kamar mai shan maganin asibiti. Wato mutanen can sun sha kashi, sun yi baƙin cikinsu, sun manta, wasu ma an sallame su daga aiki, sannan abokina zai fara nasa baƙin cikin, sabo fil.

Kun san shi da riƙon hannu. Mutumin da goro ɗaya yake kai shi kwana uku, yana ɓantara yana mayarwa aljihu. To wata rana da yamma sai ga shi da ƙunshin tsire har biyu, ya baje a tabarmata, ya sa aka kira duk wanda ke kusa. Muka tsorata. Na tambaye shi ko matarsa ce ta sauka, ya ce abin ya fi haka, mutanenmu ne suka ci wasa biyar a jere. Muka ci tsire muka sa albarka, liman ma ya ɗauki tsinke biyu bai san na mene ne ba.

Da ambulan na gaba ya zo, sai na ga ya zauna yana bin kwanan wata da yatsa, bakinsa yana motsi. Can ya ɗago ya dube ni, ya dubi cikina.

"Tanimu, ranar da kuke cin tsiren nan, ashe an riga an yi mana kaca-kaca sau bakwai. Naman makoki kuka ci."

Bai ƙara sayen tsire ba. Ya ce sai ranar da ya ga kofi da idonsa.

Amma kada ku ɗauka kuka kawai yake zuwa yi. Malam Dalhatu yana da tsari. A ganinsa matsalar ƙungiyar ba ta 'yan wasa ba ce, ta masu ita ce, mutane marasa haƙuri. Duk shekara in an sha kashi sai su ruga su sayo wani tsohon tauraro wanda gwiwarsa ta riga ta tafi, su buga hotonsa a jarida, a yi tafi, wata biyu ya kwanta jinya. Kuma kafin su same shi sai sun ba da samari biyu ko uku masu tasowa, waɗanda bayan 'yan shekaru za su dawo cikin rigar wata ƙungiya su yi musu dukan kawo wuƙa. Shi abin da yake so, a sallami tsofaffin nan gaba ɗaya cikin mutunci, a yarda za a sha kashi shekara uku ba tare da jin kunya ba, a zauna a tara masu jifa, domin a wurinsa mai jifa shi ne ginshiƙi, mai duka ado ne kawai. In na ce masa ai kashin nan ana shan sa ko an yarda ko ba a yarda ba, sai ya ce to ai mai azumi ma bai ci ba, wanda ya rasa abinci ma bai ci ba, amma ba ɗaya suke ba.

Wata Alhamis Malam Audu, manomin nan na wani ƙauye bayan Ƙofar Gayan da yake kawo dawa birni yana ajiye kekensa a zaurena, ya tarar ana wannan karatu. Ya zauna yana fifita da hula. Malam Dalhatu yana bayanin cewa kowace babbar ƙungiya tana da ƙanana a ƙauyuka inda ake renon samari kafin a kawo su birni, kuma su can gona suke kiran wannan. Da jin kalmar gona sai Malam Audu ya gyara zama, ya tambaya ko fadama ce ko tudu. Ni na sunkuyar da kai ina dariya. Malam Dalhatu kuwa ko murmushi bai yi ba. Ya ce masa jigawa ce, an yi shekara ashirin ba a zuba mata taki ba, kuma ɗan abin da ya tsiro ana tumɓukewa a sayar tun bai fitar da kai ba.

Malam Audu ya girgiza kai ya ce, "To ai Malam, mu a garinmu in muka ga mutum ya kai irin shukarsa kasuwa, mun san bana ba shi da niyyar noma. Ko faɗa ba ma yi masa."

Malam Dalhatu ya miƙe tsaye ya kama hannunsa da hannu biyu. Ya juyo ya ce mini duk faɗin Zariya da kewayenta yau ya ga mutum na biyu da ya fahimci besbol, kuma ba ni ba ne. Ya ce zai sa maganar a wasiƙarsa ta bana, da sunan Malam Audu da sunan ƙauyensu. Nan fa hankalin Malam Audu ya tashi. Ya ce shi dai a cire sunansa, bai san mutanen nan ba, kuma bai taɓa faɗa da Bature ba. Da ya kai bakin ƙofa da kekensa sai ya waiwayo ya ce amma in takin za su raba, a bar sunan.

Wasiƙar nan da gaske ce. Duk ƙarshen kakar wasa sai ya zauna ya rubuta wa shugabannin ƙungiyar shafi shida ko bakwai: wa za a sallama, wa za a riƙe, wane ne a gona ya isa a kawo shi birni. Mutumin da yake takawa a ƙasa har Tudun Wada don kada ya hau mota, amma kan sarkin aika wasiƙa Amurka bai taɓa yi masa tsada ba. Sau ɗaya tak suka amsa. Wani kati ne mai sheƙi da aka buga da inji, ana gode masa da goyon baya, ana gayyatarsa ya zo filin wasa ranar Lahadi da iyalinsa, yara kyauta. Na ce masa wannan ai kowa ake aika wa. Ya ce ina ruwan mai allura da harkar ofis, kiransa suke yi a fakaice, amma ba zai taka ba sai sun cire kocin nan.

Ikon Allah, a shekarar aka cire kocin. Ranar da labari ya iso, ya sa babbar rigarsa mai aska takwas, wadda ni na yi wa aiki, ya zagaya unguwa yana fara'a. Mutane suna ta yi masa barka ba su san ta mece ce ba, wata tsohuwa har ta tambaya mace aka samu ko namiji. Sabon kocin kuwa ya fi na da lalacewa. Da na tuna masa cewa shi ya jawo, sai ya ce, "Cewa na yi a cire wancan. Ban ce a tsinto wani a bakin hanya ba."

A cikin gida matarsa Hajiya Rabi ce take ɗauke da shi. 'Yar gwaggona ce, shi ya sa nake shiga gidan kai tsaye. Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa ganin wasan ba, amma ta san 'yan wasan yadda ta san jikokinta, har ta sa musu nata sunayen, akwai Dogo, akwai Bahago, akwai Mai Ciwon Kafaɗa. In ta kawo masa koko sai ta tambaya ko kafaɗar bawan Allahn nan ta yi sauƙi. Sau ɗaya na ga sun saɓa a kan besbol, ranar da ya ɗauki taɓaryarta zai nuna mini yadda ake riƙe kulki. Ya sa ni in jefo masa goruba a tsakar gida. Sau shida yana dukan iska. A na bakwai ya same ta. Goruba ta tashi ta haye katanga, muka ji fashewar randa a gidan maƙwabta, sai salatin mata. Malam Dalhatu ya yar da taɓarya ya tattare riga, dattijo da furfurarsa, ya zagaya tsakar gida a guje, ya taɓa turmi, ya taɓa bakin rijiya, ya taɓa bishiyar lemo, ya dawo inda ya tashi yana haki yana washe baki. Hajiya tana tsaye a ƙofar madafi. Ta ce masa tunda Allah ya dawo da shi gida lafiya, sai ya sake fita ya je ya ba mutane haƙuri.

Daga nan abubuwa suka fara raguwa. Ambulan ɗin Mista Luwis ya daina zuwa. Wata uku Malam Dalhatu yana zarya gidan waya yana dawowa ba komai. Sannan wata gajeriyar wasiƙa ta zo daga 'yar Mista Luwis, ta ce mahaifinta ya rasu, a aljihun kwat ɗinsa ta ga adireshin. Bayan shekara biyu Hajiya Rabi ta bi. 'Ya'yan kuwa sun riga sun watse, babban ɗansa Kabiru yana aiki a Abuja, matan suna gidajen aurensu a Sakkwato da Jos. Gida mai ɗaki bakwai ya koma mutum ɗaya da kaji. Da can da hantsi yake zuwa zaurena ya tafi kafin azahar. Yanzu sai ya zo ina cikin shimfiɗa tabarma, mu yi azahar tare, mu yi la'asar tare, sai na naɗe riga na ce masa ido ya gaji sannan zai fara neman takalmansa, a hankali, kamar bai san inda ya ajiye su ba.

Kabiru ya saya masa babbar waya ya nuna masa inda zai latsa, sakamakon wasa ya riƙa zuwa tun kafin a sha koko. Na ɗauka zai ji daɗi. Ya ce a'a, da can baƙin ciki sai ya yi tafiyar sati uku ya huce a hanya, yanzu da zafinsa ake kawo masa. Sai daga baya, wata rana yana juya wayar a hannu, ya gaya mini ainihin abin da ya hana shi sonta. Mista Luwis yakan yi rubutu da biro a gefen kowane yankin jarida, kalma biyu ko uku, yawanci zagin koci, wani lokacin kuma ya tambayi lafiyar Hajiya. Waya kuwa lamba kawai take kawowa, ba ta da gefen da mutum zai rubuta maka wani abu.

Shi ya sa ranar da ya ji an ce wani Ba'amurke ya sauka a Wusasa zai yi aikin wata biyu, murna ta hana shi zama. Ya tambayi mutum uku don ya tabbatar daga Amurka ne ba Ingila ba. Ya yi aski, ya ɗauko babbar riga, ya sayi kwalin dabino, wanda a tarihin Malam Dalhatu ba ƙaramin abu ba ne. Ya rubuta abubuwan da za su tattauna a bayan wani tsohon ambulan don kada ya manta. Ya ce in raka shi, muka hau napep muka fita ta Ƙofar Kuyambana.

Muka sami baƙon a gindin mangwaro kusa da tsohon cocin nan, wani dogon saurayi mai fara'a, har da "sannu da zuwa" ɗinsa. Malam Dalhatu ya buɗe Turancin da ya daɗe yana ajiya, suka gaisa, ya ciro ambulan, ya ambaci sunan mutanenmu. Saurayin ya yi dariya ya yi wata doguwar magana yana ɗaga kafaɗa. Ni ba na jin Turanci, amma na ga fuskar abokina. Daga baya ne ya fassara mini: wai shi bai taɓa kallon besbol har ƙarshe ba, barci yake sa shi, ƙwallon ƙafa yake so, har yana tambayar Malam wace ƙungiya yake goyon baya a Ingila. Malam Dalhatu ya ninke ambulan ɗin ya mayar aljihu. Ya miƙa masa dabinon, ya tambayi lafiyar iyayensa, ya yi masa fatan gama aiki lafiya, muka taso.

Da muka hango ganuwa sai Malam Dalhatu ya ce:

"Tanimu, ƙasa guda, kowa a cikinta ya san wasan nan. Mutum ɗaya ne bai sani ba, shi aka aiko mana."

Na yi dariya har mai napep ya waiwayo. Da na juya sai na ga abokina yana kallon waje yana goge ido da hannun riga. Ya ce hayaƙin mota ne. Na haɗiye sauran dariyata.

Ciwon da ya tafi da shi bai ja lokaci ba. Ƙafafu suka kumbura, ido ya daina ganin rubutun waya. Kabiru ya zo ya kai shi asibiti, aka ba su magani suka dawo gida, aiki ya sake kiran Kabiru Abuja. Sai abin ya juya, ni nake ɗaukar ɗinkina in je ɗakinsa da hantsi. Zai miƙo mini wayar in karanta masa, tunda lamba dai na sani, kuma ya nuna mini cewa masu jan tambari su ne namu. Kwana shida ina karanta masa abin da bai yi daɗi ba.

A rana ta bakwai na same shi ya yi laushi ƙwarai, kokon da aka kawo masa yana nan ya yi sanyi. Na duba waya na ga tara da biyu, kuma biyun ce tamu. Na ce a raina yau kam ba zan ƙara wa bawan Allahn nan ba. In na ce sun ci ba zai yarda ba, ya san mutanensa. Sai na nemi tsakiya.

"Malam, yau an tashi canjaras. Biyu da biyu."

Ya rufe ido. Na ɗauka barci ya ɗauke shi. Can sai na ga ƙirjinsa yana girgiza, na tsorata na ajiye riga zan kira mutane. Ashe dariya yake yi.

"Shekara arba'in da biyu ina yi maka karatu, Tanimu. Ba a canjaras a besbol. Ko za a wuni ana yi, sai wani ya ci. Gaya mini gaskiya."

"Tara da biyu."

"Yauwa. Yanzu na ji mutanenmu."

Da dariyar ta lafa ya ce mini tun shekarar farko ya san ban gane komai ba, kuma ba zan gane ba. Na ce to tunda haka ne bari in yi tambayar da ban taɓa yi ba: duk ƙungiyoyin duniya, me ya haɗa shi da waɗannan?

Sai ya ba ni labarin da ko Hajiya ban sani ba ko ya taɓa ba ta. Ya ce lokacin da ya sauka Amurka sanyi ne ya tare shi, irin wanda bai san akwai shi a duniya ba. Wata biyar daga aji sai ɗaki. Burodi da shayi yake ci don tsoron abin da za a sa masa a abinci. Ba wanda ya zage shi, ba kuma wanda ya tambaye shi sunan garinsu. Ranar salla ya sa sabuwar rigar da mahaifiyarsa ta ɗinka masa, ya yi nafila shi kaɗai a ɗaki, ya zauna a bakin gado har yamma, ba wanda ya san salla ake yi. Da sanyi ya fara saki, wata Asabar Mista Luwis ya same shi zaune a kan matakala, ya ce masa ya ɗauko rigar sanyinsa ya biyo shi. Suka hau bas zuwa filin wasa. Bai gane komai ba, mutane suna tashi yana tashi, suna zama yana zama. Aka lallasa ƙungiyar garin. Ana tashi, wani ƙaton Bature da ke zaune kusa da shi, wanda bai taɓa gani ba, ya dafa kafaɗarsa ya girgiza shi, yana kai masa ƙarar koci ido cikin ido kamar uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

"Wata biyar ba wanda ya taɓa jikina, Tanimu. Da sun ci wasan nan, ƙila kowa ya yi murnarsa ya wuce. Amma da aka sha kashi sai kowa ya nemi na kusa da shi. Ni ne na kusa da shi."

Na ɗauki kokon na ce ya daure ya sha, ya sha cokali uku don kada in ji kunya. Kwana biyu bayan nan, ranar Laraba bayan azahar, Allah ya karɓi abinsa. Kafin magariba mun kai shi.

An yi zaman makoki, 'ya'ya sun zo sun koma, an rufe gidan da kwaɗo, kajin ma an raba. Ni na koma kan ɗinkina, sai dai yanzu ina gama wuyan riga da wuri, kuma ban ga amfanin hakan ba. Makon jiya 'yata Binta ta zo gaishe ni, sai na ji bakina yana ce mata ta duba mini waɗannan masu jan tambarin a wayarta. Ta sha wahala kafin ta gano su. Ta ce, "Baba, ai sun ci. Goma sha ɗaya da ɗaya."

Ban san lokacin da na miƙe na fito ƙofar zaure ba takalmi ba. Na duba gabas, na duba yamma. Layi fayau, sai wani mai tura baron kayan miya. Na tsayar da shi na ce masa mutanenmu sun ci, goma sha ɗaya da ɗaya. Ya ce Allah ya ƙara, ya tambaye ni ko ina son tumatir. Akwai tumatir a gida. Na ce ya auna mini kwano guda, na sa shi ya zaɓo mini ɗaya bayan ɗaya, don ya ɗan daɗe a tsaye in yi masa bayanin masu jifa.

Allah ya jiƙan Malam Dalhatu, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci, ya sada shi da Hajiya Rabi cikin rahama. Ya ba shi maƙwabta nagari waɗanda ba za su tashi in ya fara magana ba. Ya daɗe yana tare da masu faɗuwa bai guje su ba. Ya Allah, wannan karon ka sa shi cikin waɗanda suka yi nasara. Amin.